Jakar Ambu a asibitin karkara: wane gyara ya fi cancanta a fara yi mata?

Jami'in Lafiya, yankin Gumel

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina yi wa malamaina da abokan aiki na wannan zaure fatan alheri. Ni jami'in kiwon lafiyar al'umma ne a wani ƙaramin asibitin matakin farko da ke yankin masarautar Gumel a jihar Jigawa, kuma tambayata ta shafi jakar nan ta ba da numfashi da hannu, wadda dukanmu muka fi sani da jakar Ambu.

Ƙanena yana shekarar ƙarshe a karatun injiniya, kuma ya zaɓi ya yi aikinsa na kammalawa a kan wannan jaka. Abin da ya ƙudurta shi ne ya haɗa mata ɗan inji mai aiki da batir wanda zai riƙa matsa ta da kansa, domin a hutar da hannun ma'aikaci. Na yaba da niyyarsa, amma na gaya masa cewa a ganina gajiyar hannu ba ita ce ta fi damunmu ba, sai ya ce to in faɗa masa abin da ya fi damunmu. Shi ya sa na kawo maganar nan wurin, inda akwai waɗanda suka fi ni sanin aikin.

Mutanen da muke ɗauko wa jakar nan ba su da yawa, amma kowannensu yana bakin mutuwa ne: jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, mai ciki da jijjiga ta kama har numfashinta ya yi ƙasa, yaron da aka tsamo daga kududdufi da damina, wanda ya sha fiya-fiya, da wanda ya faɗi daga babur ya bugu a ka. Abin da nake gani a irin waɗannan lokuta shi ne, jakar manya ta fi ƙarfin abin da ake buƙata, kuma ma'aikacin da hankalinsa ya tashi yakan matse ta gaba ɗaya, da sauri-sauri, har cikin mara lafiya ya kumbura. Marufin da ake ɗorawa a baki da hanci kuma ba ya zama daram a fuskar magidanci mai gemu ko tsohon da haƙoransa suka zube, iskar sai ta riƙa tserewa ta gefe. Sannan idan aka kwance jakar aka wanke, mayar da sassanta yadda suke yakan zama aiki, wani lokaci ma a nemi ɗan bawul ɗin nan na roba mai sarrafa shigar iska da fitarta a rasa. Ga shi kuma yawanci mutum ɗaya ne ke bakin aiki da dare, kuma shi ne zai shiga bayan mota da mara lafiya zuwa babban asibiti a kan hanyar da ba ta da kwalta.

To, idan da a ce maƙeran wannan jaka za su saurare mu, ko kuma ɗalibi irin ƙanena zai taɓa abu ɗaya kawai a jikinta, wane ne ya kamata ya fara taɓawa? Kuma injin da yake son haɗawa yana da amfani a wuri irin namu?

Nas Mai Sa Barci, Kano

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta yi ma'ana, kuma ina goyon bayanka cewa ba daga inji ya kamata a fara ba.

Bari in fara da lissafi, domin shi ne zai nuna girman matsalar. Jakar manya galibi tana ɗaukar iska mililita 1,500 zuwa 1,600. Abin da huhun babban mutum yake buƙata a shaƙa ɗaya bai wuce mililita 6 zuwa 8 a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsayinsa ba, wato manomi mai kilo 60 yana buƙatar mililita 360 zuwa 480. Ma'ana, sulusin jakar ya ishe shi. An yi ta da girma haka ne domin a cike gurbin iskar da ke tserewa ta gefen marufi, amma sakamakon shi ne an miƙa wa mutumin da ke cikin firgici abin da zai iya tura ninki uku na abin da ake so, ba tare da wani abu a jikin jakar da zai tsayar da shi ba.

Illar hakan ba ƙarama ba ce. Idan ƙarfin iskar ya haura kimanin santimita 20 na ruwa a ma'aunin matsin iska, ƙofar hanyar abinci takan buɗe, iska ta shiga tumbi, tumbi ya kumbura ya tokare huhu daga ƙasa, daga nan sai amai, aman kuma ya koma cikin huhu. Mutanenmu kuma ba da azumin tiyata ake kawo su ba, sau da yawa sun ci tuwon dare sun ƙoshi. Sannan duk lokacin da aka tura iska da ƙarfi cikin ƙirji, matsin yana rage jinin da ke komowa zuciya, saboda haka wanda ya riga ya zubar da jini, kamar mai haihuwa ko wanda ya yi hatsari, matsin jininsa sai ya ƙara faɗuwa. Ga wanda ya bugu a ka kuwa, saurin matsawa yana kwashe iskar kabon daga jini fiye da kima, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, a ƙara wa ƙwaƙwalwar rauni a kan wanda take da shi.

Kada a ɗauka wannan laifin ma'aikatan ƙauye ne kaɗai. Wani bincike da aka yi a birnin Milwaukee na Amurka, wanda aka wallafa a 2004, ya gano cewa ƙwararrun ma'aikatan agajin gaggawa suna matsa jakar kusan sau 30 a minti ɗaya ga mutanen da zuciyarsu ta tsaya, alhali abin da ake so a yau ga babban mutum shi ne sau ɗaya a kowace daƙiƙa 6, wato sau 10 a minti, kowace matsawa kuma a yi ta a hankali cikin daƙiƙa ɗaya. Idan waɗanda wannan ne aikinsu na kullum suna wuce gona da iri haka, to, horo kaɗai ba zai magance abin ba, dole ƙirar jakar ta taimaka.

A kan marufi kuma, gaskiyar da muke sani a ɗakin tiyata ita ce, riƙe shi da hannu ɗaya, babban yatsa da manuniya a kan marufin, sauran yatsu uku suna ɗago muƙamuƙi, fasaha ce da ke buƙatar a riƙa yin ta yau da gobe. Wanda yake yin ta sau ɗaya a wata uku ba zai ƙware ba, musamman idan hannunsa ƙarami ne. Abin da ya fi inganci shi ne mutum ɗaya ya riƙe marufin da hannu biyu yana ɗago muƙamuƙi zuwa sama, wani kuma ya matsa jakar. Kuma a nan nake ganin amfanin gyaran ƙira: idan jakar ba za ta iya ba da fiye da abin da ya dace ba ko da wa ya matsa ta, to, ma'aikacin da yake shi kaɗai zai iya riƙe marufin da hannayensa biyu, ya ce wa mai gadi ko ɗan'uwan mara lafiya ya matsa duk lokacin da ya ƙirga masa. A asibitocinmu ba a rasa hannu, abin da ake rasawa shi ne hannun da ya san iyaka.

Batun gemu kuwa babu wanda zai ce wa magidanci ya aske saboda tsoron ranar da zai suma. Abin da muke yi shi ne mu shafa wa gemun man nan mai santsi na ruwa da ake shafa wa bututun fitsari, ko mu rufe shi da faffaɗar filasta mai gani-har-hanji mu huda wurin baki, sannan mu sa ɗan lanƙwasasshen bututun nan na Guedel domin harshe ya daina toshe hanya. Ga tsoho mai haƙoran roba, a bar masa su a baki yayin da ake amfani da marufi, domin su ne ke riƙe siffar kumatu. Marufi mai faɗin leɓe da taushi, wanda ake ganin abin da ke cikinsa, zai fi mana amfani da kowane irin inji.

Ungozoma, Ringim

Sannunku da ƙoƙari. Sista ta yi bayanin manya, ni kuma ina roƙon ɗalibinmu ya dubi jarirai, domin a ƙaramin asibiti jakar jarirai ce aka fi ɗaukowa nesa ba kusa ba. Kusan jariri ɗaya cikin goma yana buƙatar a taimaka masa kafin ya fara numfashi, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya jarirai 39 cikin kowane 1,000 da aka haifa da rai suna rasuwa kafin su cika wata ɗaya. A yankinmu kuma, inda yawancin haihuwa a gida ake yi, matan da ake kawo mana sau da yawa waɗanda naƙuda ta yi wa tsawo ne, wato waɗanda 'ya'yansu suka fi shiga haɗari.

Jariri mai kilo 3 yana buƙatar mililita 15 zuwa 20 kacal a shaƙa ɗaya, jakarsa kuma tana ɗaukar 220 zuwa 240, don haka ana sa mata bawul na kariya da ke buɗewa idan ƙarfin iska ya kai santimita 30 zuwa 40 na ruwa. Amma abin da na fi gani a wurin sababbin ungozomomi ba matsawa fiye da kima ba ne. Tsoro ne yake sa su riƙa taɓa jakar kamar ba sa so, marufin ya karkace, ƙirjin jariri ko motsi ba ya yi, su kuwa suna ta ƙirge. Huhun da bai taɓa shaƙar iska ba cike yake da ruwa, kuma numfashin farko yana buƙatar ƙarfi fiye da na bayansa.

Shirin horon nan na Helping Babies Breathe, wanda ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da abokan aikinta suka ƙaddamar a 2010, ya koya mana cewa a cikin minti na farko bayan haihuwa dole jariri ya kasance ko dai yana numfashi da kansa ko an fara ba shi da jaka, kimanin sau 40 a minti. A Tanzaniya, binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100 bayan an yi wannan horo a asibitocin da aka gwada. Abin lura a nan shi ne ba da oksijin aka samu wannan nasara ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jaririn da ya cika watanninsa da iskar ɗaki ake fara ba shi numfashi. Ina nanata wannan ne saboda na sha jin ana cewa an tura jariri gaba domin tukunyar oksijin ta ƙare, alhali jakar tana rataye a bango.

Akwai gyaran ƙira da aka riga aka yi wanda ya kamata ɗalibin ya nazarta. Kamfanin Laerdal na ƙasar Norwe ya fitar da wata jaka da ake kira Upright, wadda take tsaye a saman marufin maimakon ta kwanta a gefe. A tsohuwar ƙira nauyin jakar yana jan marufin ya ɗage ta ɓangare ɗaya, a wannan kuwa nauyin da matsawar duka suna sauka a tsakiyarsa. An kuma rage mata yawan sassa. Babu batir, babu waya, an dai sauya inda abubuwa suke zama.

Maganar wanki ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Bayan kowane amfani sai an kwance jakar, a wanke da sabulu, a tafasa na kimanin minti 20 ko a turara, a shanya ta bushe sarai, a mayar, sannan a gwada ta a tafin hannu a ji tana tura iska, bawul ɗin kariya yana buɗewa, tana kuma cika da kanta. Wannan aiki yakan faɗa hannun mai shara ne, wadda ba ta taɓa zuwa horo ba. Idan ta juya bawul ɗin baki-baya, ko ta manta da faifan robar da ke gindin jakar, daga waje ba za ka ga bambanci ba sai ranar da aka ɗora wa jariri. Saboda haka wasu suke gudun kwance ta, su goge bayanta kawai da ruwan bilic, wanda hakan kuma hanyar yaɗa cuta ce daga jariri zuwa jariri. Idan da za a ba ni zaɓi ɗaya, jakar da ba ta haɗuwa sai ta hanyar da ta dace nake so.

Injiniyan Kayan Asibiti, Dutse

Hajiya ungozoma ta faɗi abin da ke raina. Ina so ɗalibin ya san asalin abin da yake son gyarawa, domin tarihin yana da darasi a kan injin nasa. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kofenhagen na ƙasar Denmak, kuma bisa shawarar likita Bjørn Ibsen ɗaruruwan ɗaliban likitanci suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana a asibitin Blegdam suna matsa jakunkunan roba domin shaƙa wa marasa lafiyar da numfashinsu ya shanye. Waɗancan jakunkuna ba sa cika sai da iskar tukunya. Bayan 'yan shekaru likita Henning Ruben da injiniya Holger Hesse suka ƙera jakar da ke buɗewa da kanta ta zuƙo iskar ɗaki, kuma kamfanin Hesse, wanda daga baya ya ɗauki sunan Ambu, ya fitar da ita kasuwa a 1956. Ke nan duk darajar wannan jaka ita ce ba ta dogara da komai ba, ba wutar lantarki, ba batir, ba tukunya. Aikinta irin na zugazugin maƙeri ne, sai dai an ƙara mata bawul da ke hana iskar da mara lafiya ya fitar komawa ciki. Duk gyaran da zai sa ta koma dogaro da wani abu da kan iya ƙarewa a tsakar dare, sai an yi masa kallon tsanaki.

A lokacin korona a 2020, jami'ar MIT ta Amurka da wasu da dama a duniya sun ƙera injinan matsa jakar Ambu. An yi su ne domin mara lafiyar da aka riga aka zura wa bututu a maƙogwaro, a ƙarƙashin kulawar likita, tare da na'urar auna ƙarfin iska da ƙararrawa. A asibitin matakin farko babu mai zura wannan bututu. Inji ba ya riƙe marufi, ba ya ganin ƙirji ya ɗaga ko bai ɗaga ba, kuma ba ya jin huhu ya yi tauri kamar yadda hannu ke ji. Idan marufi ya goce ko mara lafiya ya yi amai, zai ci gaba da turawa. Sannan sau 10 a minti yana nufin matsawa 14,400 a yini guda, jakunkunan da ake sayarwa da araha kuwa ba a yi su domin haka ba.

Abin da nake gani idan aka kawo mini kaya daga ƙananan asibitoci yawanci matsalar roba ce. Jakunkuna masu araha da robar leda ake yin su, an kuma rubuta a jikinsu cewa amfani ɗaya ake yi da su a jefar, amma babu asibitin ƙauyen da zai iya jefar da jaka bayan mutum ɗaya. Sai a tafasa ta ta lanƙwashe, ko ta kwana a sito mai rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ta yi danƙo ko ta ƙage, matashin iskar da ke leɓen marufin kuma ya sace. Ta silikon tana jure tukunyar turara kaya har digiri 134, tana kuma yin shekaru, amma tsadarta ke sa masu sayen kaya su guje ta, duk da cewa idan aka yi lissafin shekara biyu ita ce mai arahar. Da hunturu kuwa ƙura takan shiga ta ƙofar zuƙo iska ta zauna a leɓen bawul ɗin nan mai siffar bakin agwagwa, ya daina rufewa sosai.

Shawarata ga ɗalibin ita ce ya zaɓi ɗaya daga cikin abubuwan da ba sa buƙatar wuta. Zai iya ƙera sassan bawul ta yadda kowane ba ya shiga sai a gurbinsa kuma ta fuska ɗaya, a ɗaure ƙananan da zaren silikon a jikin babban domin kada su bi ruwan wanki, a kuma zana hoton haɗawar a jikin jakar kanta maimakon takardar da ke ɓacewa a makon farko. Ko kuma ya yi wani zobe ko maƙalli da ke tsayar da matsawa a mililita 400 ko 500 ko 600, wanda ma'aikaci zai iya saitawa. Akwai kamfanin O-Two na Kanada da ya sa wa jakarsa bawul mai rage gudun iska idan aka matsa da ƙarfi, sai hannu ya ji ta yi tauri ya sassauta. Wannan tunani ne mai kyau da za a iya nazarta. Ko mene ne ya ƙera, ya kiyaye ma'aunin bakin haɗi na duniya, milimita 15 da 22, in ba haka ba ba zai shiga marufin kowa ba, kuma ya karanta ƙa'idar ISO 10651-4, wadda ita ce ta tsara sharuɗɗan irin waɗannan jakunkuna. A kan huhun gwaji da mutum-mutumi zai gwada, ba a kan mara lafiya ba, domin wannan sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, sayarwa kuma sai da rajistar NAFDAC.

Likitan Karkara, Kano ta Kudu

Na amfana da bayanan nan, amma ina da ja a kan wuri ɗaya, kuma ina roƙon Sista da Injiniya su yi mini uzuri. Muna magana kamar an gama tabbatar da cewa yawan iska ne babban makashi, alhali shaidar da ta fito a baya-bayan nan ta nuna akwai ɗaya gefen. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, a kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti a Amurka da Kanada, ya gano cewa a kusan kashi 60 cikin 100 na marasa lafiyar, iskar da aka tura da jaka da marufi ba ta shiga huhu ba a fiye da rabin lokutan da aka dakata domin ba da ita, kuma waɗanda iskar ta fi shiga huhunsu sun fi rayuwa. A shekarar kuma aka wallafa abin da aka gani a birnin Seattle bayan ma'aikatan agaji sun koma amfani da ƙaramar jakar manya: adadin waɗanda zuciyarsu ta dawo bugawa bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Wannan na biyun lura ce da abin da ya faru, ba gwajin da zai tabbatar da sanadi ba, amma ya isa ya sa mu yi hattara.

Ku dubi mutanen da Malam ya lissafa. Yaron da ya nutse huhunsa ya yi tauri, wanda ya sha fiya-fiya majina da ruwa sun cika masa hanyar iska har sai an zuƙe su an yi masa allurar atrofin, yaro mai mashaƙo, irin waɗanda muka gani a Kano a 2023, maƙogwaronsa ne ya toshe. Idan aka kulle jaka a mililita 500, rabi kuma ya tsere ta cikin gemu, abin da ya isa huhu bai kai ya raya mutum ba. Saboda haka duk maƙallin da za a sa, dole ya zama ana iya sakinsa da yatsa ɗaya.

Abin da ya fi ƙaranci a jakar nan, a ganina, shi ne ba ta gaya wa mai riƙe da ita ko iskar ta shiga. Ganin ɗagawar ƙirji da fitilar waya, a jikin mace mai lulluɓi, a bayan motar da ke tsalle, ba abin dogaro ba ne. Wani likitan yara na jami'ar Mbarara a Uganda, Data Santorino, tare da abokan aikinsa na Amurka, sun ƙera wata 'yar na'ura da ake maƙalawa tsakanin jaka da marufin jariri, tana nuna ko iska na tserewa, ko hanya ta toshe, ko saurin ya yi yawa. Idan ɗalibinmu yana son aiki da lantarki, nan ya kamata ya kai basirarsa, da sharaɗin cewa idan batirin ya mutu jakar za ta ci gaba da aiki kamar ba a taɓa sa mata komai ba. Ko da babu lantarki ma, ɗan ma'aunin sifirin mai launi, tare da wata alama da ke motsi idan iska ta dawo daga huhu, zai yi amfani ƙwarai.

A ƙara da batun oksijin. Jakar ajiyar da ke rataye a gindin ta manya tana buƙatar lita 15 a minti kafin ta ba da oksijin mai yawa, injinan tace oksijin da ke ƙananan asibitoci kuwa lita 5 ko 10 suke bayarwa. Mai ƙira ya san da wannan, kuma ya tabbatar bawul ɗin shigar iskar ɗaki yana aiki idan jakar ajiyar ta lotse.

Jami'in Lafiya, yankin Gumel

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na tura wa ƙanena duk abin da kuka rubuta, kuma ya ce zai kai wa malamin da ke duba aikinsa maganar alamar dawowar iska da ta sassan da ba sa haɗuwa a juye. Saura abu ɗaya, ranka ya daɗe Likita: a cikin mota, inda ni kaɗai ne a baya, ko akwai laifi a ɗaure marufin da maɗauri a bayan kai domin hannu ya samu sarari?

Likitan Karkara, Kano ta Kudu

Malam, ban ba ka shawarar haka ba. Maɗauri yana danna marufi ƙasa ne, ba ya ɗago muƙamuƙi, saboda haka yana iya tura haɓa baya harshe ya ƙara toshe hanya, kuma idan amai ya zo, daƙiƙun da za ka ɓata wajen kwance shi suna da tsada. Gara ka sa bututun Guedel idan mara lafiya ba ya cikin hayyacinsa ko kaɗan, ka zauna ta wajen kansa ka tallafe shi tsakanin gwiwoyinka, ka riƙe marufin da hannu biyu, ka ɗauki mutum ɗaya daga danginsa mai natsuwa ya matsa da hannu ɗaya bisa ƙirgenka, kuma ka sa direba ya tsaya idan kana buƙatar juya shi ka share masa baki. Abin da ya fi dacewa da doguwar tafiya shi ne bututun nan mai kai kamar cokali da ake zurawa ta baki ya zauna a saman maƙogwaro, domin ba ya damuwa da gemu ko rashin haƙora, kuma koyonsa ya fi zura bututu cikin maƙogwaro sauƙi. An gwada shi a hannun ungozomomi a asibitin Mulago na Kampala, kuma sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna ba shi da haɗari a hannunsu, ko da yake bai fi marufi ceton jarirai ba. Kafin ka fara amfani da shi sai ka samu horo a ɗakin tiyata na babban asibitin da kuke tura marasa lafiya, kuma hukumar da ke kula da aikinku ta amince. Ka nemi shugaban sashen masu sa barci na can ya ba ka ranakun da za ka riƙa zuwa, ka fara da riƙon marufi da hannu biyu a kan waɗanda aka sa wa barci, a gaban wanda zai gyara maka.